Hannun Adawiyya

Alhaji Lukmanu, babban mahauci a Garuwa, ya kulle ƙanwarsa Adawiyya a gida saboda ta yi magana a fim. Bai doke ta ba, bai zage ta a gaban mutane ba. Kwaɗo ya sa wa ƙofar zaure, ya ce kowa ya shiga ya fita, ban da ita.

Adawiyya ta ba hamsin baya. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin ƙarshe na gidan yayanta, tana yin kilishi. Ɗakin yana da 'yar taga mai kallon lungu, da labule a kai. Ta nan take ciniki. Mai saye ya yi sallama, ya faɗi na nawa yake so, hannu ya fito ta ƙarƙashin labule da ƙunshi. A bayan hannun akwai farin tabon ƙuna, daga wuyan hannu har babban yatsa. Mazan unguwa da yawa ba su taɓa ganin fuskarta ba. Hannun kuwa har yaron goye ya san shi.

Wata mata ce ta zo daga Yaoundé da kamara, sunanta Berthe. Fim take haɗawa a kan yadda kamfanoni ke zuba dukiya a yaƙin neman zaɓe. Ta ji labarin shanun da ake yankawa a gidan Alhaji duk lokacin da zaɓe ya matso, ta zo taga kamar mai sayen kilishi. Da yake mace ce, ba wanda ya hana ta shiga ciki.

Ta tambaya, Adawiyya ta ba ta amsa. Ta ce shanun daga garken wani kamfani suke zuwa, tambarinsa na nan a ƙone a cinyarsu. Ta ce ita ke wanke kayan ciki, ita ke shanya fatun a kan soro. Ta ce ana kasa naman kamar watanda, amma ba a miƙa wa magidanci kasonsa sai ya nuna katin zaɓe, an kuma gaya masa sunan wanda zai zaɓa depite, wato ɗan majalisa. Ta ce bayan zaɓen da ya wuce, kamfanin ya kewaye fadamar bakin Binuwai da waya, har da inda mijinta yake noman albasa.

Berthe ta yi alkawarin rufe fuskarta, ta kuma cika. Ta dusashe fuskar, ta sauya muryar. Sai dai Adawiyya da hannu take magana, kamara kuma ta sauko kan hannun ta zauna.

Fim ya shiga wayoyi. 'Yan moto, masu acaba, a bakin kasuwa suka taru kan waya guda, ɗaya ya ce, "Kai, wannan ai hannun Goggo mai kilishi ne." Kafin la'asar maganar ta isa mayanka.

Alhaji ya shigo da rigar aiki a jikinsa, ko hannu bai wanke ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Yaya."

"Wa ya aike ki?"

"Tambaya ta aka yi."

"In aka tambaye ki me ke cikin aljihuna, sai ki zazzage?"

Ya miƙa hannu, ta ba shi wayarta.

"Mutanen kamfanin nan ba wasa suke ba," in ji shi. "Don kare ki zan rufe ƙofa. Wata rana za ki gode mini."

Abin da ya tsaya wa Adawiyya a rai ba kilishi ba ne. 'Yarta guda ce a duniya, Balkisu, tana aure a Maga wajen wani manomin shinkafa, cikin fari kuma ya shiga watansa. Hanya ta yi nisa, ta yi ramuka, likita ya hana ta tahowa gida haihuwa. Aka shirya uwar ce za ta je ta yi mata wankan jego. Adawiyya ta daka yaji, ta tanadi kanwa da daddawa, ta ɗinka wa jariri 'yan riguna, ta ɗaure komai a zani ta ajiye a kan gado. Saura ta hau mota.

Washegari ta sa mayafi ta ɗauki ƙullin ta nufi zaure. Taufiƙ, babban ɗan Alhaji, yana zaune a kan benci da makulli a hannu. Yaron da ta goya ne.

"Goggo, ki yi haƙuri."

"Buɗe mini, Taufiƙ."

"Wallahi ba ni ba ne. Baba ne."

"Maga za ni. Ba gidan rediyo za ni ba."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin a yatsa. Ta tsaya har ƙafarta ta gaji, ta koma.

Daga nan abu ya riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka daina kawo mata nama daga mayanka. Labun kilishin da ta kwaɓa ya yi tsami a roba, ta zubar. Masu saye suka ci gaba da zuwa taga, wasu don kilishi, wasu don su ga hannun da ya fito a fim. Wani ɗan iska ya tura waya ta ƙarƙashin labule zai ɗauki hoto. Da Alhaji ya ji, ya kira magini. Adawiyya tana zaune a bakin gado tana kallo aka jera bulo a tagar, aka shafe da siminti. Ɗakin ya koma kamar rumbu. Zafin Garuwa ya taru a ciki ya rasa hanyar fita.

Hajiya Fauziya, matar Alhaji, ba muguwa ba ce. Ita ke kawo mata tuwo da kanta, ta zauna ta yi mata fifita.

"Goggon yara, ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Magana ce ta baki. Ki faɗa ki wuce."

"Wace magana?"

"Au, bai gaya miki ba? Taufiƙ zai ɗauke ki da waya. Ki dafa Alƙur'ani ki ce matar nan ce ta biya ki, ita ta koya miki abin da kika faɗa, shanun kuma sadaka ce. Shi ke nan. A ranar za ki kwana a Maga."

"Ko ruwa ban sha na matar nan ba. Kilishin da ta saya ma ƙari na yi mata."

"To wa ya sani? Wa zai bi diddigi?"

"In na faɗa, me za a yi mata?"

Fauziya ta gyara ɗaurin kallabi. "Wannan kuma tsakaninta da kotu. 'Yar kudu ce, tana da mutanenta. Ke wa kike da shi in ba yayanki ba? Gidan nan baki nawa ke ci a ciki? Otal-otal ɗin da yake kai wa nama duk ta hannun mutanen nan ya samu. In suka janye, har ke za ki ji a jikinki."

Adawiyya ta ture kwanon tuwon gefe.

Matan maƙwabta ma suka shigo, wai gaisuwa. Ba su zauna ba. Ɗaya ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda za a ji ta har ɗakin ƙarshe.

"An ce bana babu yanka. To Allah ya saka mana. 'Ya'yana daga Layya sai zaɓe suke ganin nama. Wata ta ƙoshi a gidan mahauta, ta toshe wa marayu."

Wannan ta fi bulon taga yi wa Adawiyya ciwo, don ta san matar ba ƙarya take ba.

Wata safiya ta ji hayaniya a ƙofar gida. Muryar Berthe ce, tana haɗa Faransanci da guntun Fulatancinta, tana roƙon a bar ta ta shiga. Taufiƙ yana ce mata Goggo ta yi tafiya. Berthe ta zagayo lungu, ta tsaya inda taga take a da, ta buga sabon simintin da tafin hannu.

"Goggo! Kina ciki? Ki yafe mini. Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

Adawiyya tana jin ta sarai. Bakinta cike yake da magana. Ta so ta ce mata, kin zo garin mutane ba ki tambayi yadda ake gane mace a nan ba. Ta so ta ce mata, ke kin koma ɗakinki mai sanyi, ni ga inda kika bar ni. Ta kuma tuna yadda matar ta zauna a ƙasa ta ci tuwo da hannu, ta saurare ta har ta gama, abin da ba wanda ya taɓa yi a kan fadamar nan. Aka kori Berthe daga lungun, ƙarar moto ta tafi da ita.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya yi baƙo. Adoum ne, mutumin kamfanin, mai farar shadda da turare mai ƙarfi. Aka shimfiɗa darduma a falon Alhaji, aka kira Adawiyya ta zauna daga bakin ƙofa.

"Jam na, Hajiya?" in ji Adoum, yana gaishe ta da Fulatanci, da fara'a kamar ya zo neman aure.

"Jam."

"Mu fa ba mu riƙe ki da komai ba. Uwa ce ke. An yaudare ki ne. Mutanen nan na fim haka suke, su zo su sa talaka a gaba, su tafi Turai su karɓi lambar yabo. Kamfaninmu kullum yana taimakon jama'a. Rijiya nawa muka haƙa? In mun ba da sa don Allah, laifi ne?"

"In don Allah ne, me ya kawo katin zaɓe?"

Alhaji ya daka mata tsawa. "Adawiyya!"

Adoum ya ɗaga hannu yana murmushi. "Bar ta, Alhaji. Kati ai don tsari ne, kada wani ya karɓa sau biyu."

Taufiƙ ya matso. Shi ya yi boko a gidan, shi ake ji da shi. "Goggo, ba ki san aikin fim ba ne. Yanka-yanka ake yi, a ɗauko magana nan a manna ta can. Ko kin ce an juya maganarki, ba ki yi ƙarya ba sosai."

"Na ga fim ɗin a wayar Fauziya. Abin da na faɗa shi ne a ciki."

"To ai kowa yana yi, Goggo. Duk ƙasar nan haka ake zaɓe. Ke kaɗai za ki gyara?"

"Ban ce zan gyara ba. Maga nake so in je."

Adoum ya tashi yana kakkaɓe riga. A bakin ƙofa ya ce wa Alhaji, ba da ƙarfi ba, amma yadda za ta ji, "Lauyanmu yana jira. Zaɓe kuma ba ya jira. Gida naka ne, ka san yadda za ka yi da shi."

Da baƙon ya tafi Alhaji ya zauna ya yi tagumi. A karon farko ta ga tsufa a fuskarsa.

"Kin ɗauka daɗi nake ji?" in ji shi. "Na shiga, ba ni da hanyar fita. In na ce a'a, gobe wani za su ba, ni kuma su taka ni. Tun da Baba ya rasu wa ya riƙe ku? Da mijinki ya mutu wa ya ɗauko ki? Abu ɗaya na roƙe ki a duniya."

"Ka roƙi wani abin, Yaya."

"Shi nake so."

Kwanaki suka ja. Adawiyya ta rame. Ƙafafunta suka kumbura don zama. Ta kan fito tsakar gida da hantsi ta tsaya inda ake ganin sama, ta koma. Yaran gidan da suke cika mata ɗaki suna tsintar gutsuren kilishi aka hana su zuwa. Ta kwance ƙullin Maga ta shanya yajin don kada ya yi ɗumi, ta sake ɗaurewa. Bayan kwana biyu ta sake kwancewa.

Sai ga Fauziya da gudu wata rana da azahar, waya a hannu.

"Balkisu ta sauka! Namiji!"

Adawiyya ta miƙe. "Ba ni ita."

Fauziya ta ɓoye wayar a bayanta. "Alhaji ya ce... ki bari ya dawo."

"Lafiyarta ƙalau?"

"An ce ta sha wuya. Ta zubar da jini da yawa. Amma da sauƙi."

"Wa ke wurinta?"

"Wata maƙwabciyarsu, wai Aurélie. Kin san uwar mijin ta rasu."

"Wa zai dafa mata ruwa? Wa zai gasa mata jiki? Fauziya, ke ma kin haihu."

Fauziya ta fashe da kuka ta fita da wayar.

A ranar Adawiyya ta je zaure ba mayafi. Ta kama ƙofar ƙarfen ta girgiza ta har maƙwabta suka leƙo. Ta kira sunan yayanta, ba Yaya ba, Lukmanu, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ba wanda ya zo. Masu wucewa a waje suka ji, suka ƙara sauri. Mai gida ya rufe gidansa, wa zai ce masa don me? Unguwar da ta ci naman nan ba ta da bakin tambaya.

Ana jibi suna, da safe, Alhaji ya sa aka kawo mota ƙofar gida. Ya sa Taufiƙ ya ɗauko ƙullin daga kan gadonta ya sa a bayan motar. Ya ƙara da buhun gero, da ƙafafun sa na ƙauri, da rago ɗaure a sama. Aka bar ƙofar zaure a buɗe don ta gani. Rabonta da ganin titi har ta manta. Ga mai lemo yana turawa, ga 'yan moto, ga direba zaune yana sauraron rediyo.

A tsakar gida an shimfiɗa tabarma. An kawo wani malami da Alhaji ke yi wa hidima, yana riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Taufiƙ ya kafa waya a kan kujera ya saita ta.

"Je ki yi alwala," in ji Alhaji.

Ta je ta yi. Ta dawo ta zauna a kan tabarmar. Malamin bai dube ta ba.

"Malam," ta ce, "ka san abin da za a sa ni in faɗa?"

Ya yi gyaran murya. "Allah mai gafara ne, Hajiya. Kuma wanda aka matsa wa, hukuncinsa daban ne."

"To faɗa a gaban wayar nan cewa matsa mini aka yi."

Malamin ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, ya shiga jan carbi.

Alhaji ya ciro wayarsa ya danna, ya sa ta a fili yadda kowa zai ji. Aka ɗauka. Muryar ta fito siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Inna?"

Adawiyya ta runtse ido. "Balkisu. Sannu, 'yar nan. Sannu."

"Inna, zazzaɓi nake yi. Nonon ya ƙi zuwa, yaron sai kuka. Aurélie tana ƙoƙari, amma tana da nata aikin. Yaushe za ki zo?"

"Ina nan tafe in Allah ya so."

"Kawu ya ce ke kika ƙi. Inna, don Allah ki faɗi abin da yake so. Mene ne a ciki? Ni ban san matar nan ba. Ke nake so."

Can bayan muryar aka ji kukan jariri. Fauziya ta toshe baki da gefen zani. Alhaji ya kashe wayar.

"Kin ji," in ji shi. "Ba ni na faɗa ba."

Adawiyya ta daɗe tana kallon ƙofar. In an tashi yanzu, kafin dare an wuce Marwa. Ta san yadda za ta haɗa wutar, ta san ganyen da za ta sa a ruwan, ta san kunun da ke kawo nono. Duk yana hannunta. Kalmomin kuma ba su da yawa, Taufiƙ ya maimaita mata su har ta haddace. Malamin ya zare littafin daga gafaka ya ajiye a gabanta. Taufiƙ ya danna waya, ya ɗaga mata yatsa.

Ta dubi yayanta.

"Yaya, kai ka karɓi shanun. Kai ka san abin da aka ce maka ranar da aka kawo su. Fara dafawa ka ce sadaka ce. In ka dafa, zan dafa."

Alhaji ya dubi littafin. Hannunsa yana kan gwiwa, bai motsa ba.

"Ba ni aka ɗauka a fim ba," in ji shi.

"Dafa, Yaya."

"Ni mahauci ne. Da bismilla nake yanka. Ba na wasa da wannan."

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Kowa ya ji. Taufiƙ ya kashe wayar da sauri.

Adawiyya ta gyaɗa kai a hankali. Ta ja jiki baya daga kan tabarmar.

"To a kai mata kayan. Yajin da kanwar a ba Aurélie, a gaya mata ruwan ya tafasa sosai, safe da yamma."

"Ba abin da zai bar ƙofar nan sai da ke," in ji Alhaji. "Ke kuma kin san hanya. In yarinyar nan ta sami wani abu, ke ce. Kowa shaida ne, ke ce."

Ya yi wa Taufiƙ alama. Yaron ya tafi zaure yana jan ƙafa. Aka ji an kwance ragon, aka ji an sauke buhu. Ƙofar ƙarfen ta fara rufuwa, titin yana raguwa.

"Na tambaye ki na ƙarshe, Adawiyya."

Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe da kyar.

"Rufe ƙofarka, Yaya," ta ce. "Ba zan rantse ba."